Gyaran Takardun Kwamfuta Masu Kulle: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

A da, idan akwai takardar da ba a so kowa ya gani, akan sa ta cikin fayil, a rubuta "Asiri" a bayansa, akawu ya sa shi cikin kabad ya kulle, ya tafi da mabuɗi. Yau kuwa yawancin takardun ofis da na banki da na makaranta cikin kwamfuta ko wayar hannu ake rubuta su, a nan kuma ake ajiye su. Abin da ya maye gurbin mabuɗin kabad shi ne kalmar sirri. Makasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a yadda wannan kulle yake aiki, da hanyar da ta dace a bi idan bukatar gyara kullalliyar takarda ta taso.

Kulle Iri Biyu Ne

Abu na fari da ya wajaba mutum ya gane shi ne, kullen da ake yi wa takarda iri biyu ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne kullen buɗewa. Idan aka sa shi, kwamfuta takan hautsina rubutun gaba ɗaya ta hanyar lissafi, har ya zama ba wanda zai iya karanta ko da harafi ɗaya sai mai kalmar sirri. Irin wannan kulle ne bankuna suka saba yi wa takardar bayanin asusu da suke aika wa masu ajiya. Tun daga fitowar Microsoft Office na 2007, manhajojin Word da Excel suna amfani da wata dabarar lissafi mai suna AES, wadda Gwamnatin Amurka ta amince da ita a 2001. Ƙarfinta ya kai ga cewa kamfanin da ya yi manhajar da kansa ya sanar cewa ba zai iya maido wa mutum kalmarsa ba idan ya manta ta.

Na biyu shi ne kullen gyara. Takarda mai irin wannan kulle tana buɗuwa, ana karanta ta, amma ba a iya sauya rubutunta, wani lokaci ma ba a iya buga ta ko kwafe wani sashe nata. Takardun PDF, waɗanda kamfanin Adobe ya fito da su a 1993 kuma suka zama ma'auni na duniya a 2008, suna iya ɗaukar kalmomin sirri biyu daban, ɗaya ta buɗewa, ɗaya ta izini. Kullen gyara umarni ne kawai da aka rubuta wa manhaja, kuma ba kowace manhaja ce take bin umarnin ba. Saboda haka amfaninsa shi ne ya hana kuskure da katsalandan, amma ba ya ɓoye asiri. Ma'aikacin da ya kulle shafin Excel na albashi da kullen gyara kaɗai, yana zaton ya ɓoye shi, ya yi kuskure babba.

Yadda Ake Gyara Takarda da Izini

Wanda aka ba kalmar sirri, aikinsa mai sauƙi ne, amma akwai tsarin da ya kamata ya bi.

1. Ya fara ajiye kwafin takardar ta asali a wani wuri kafin ya taɓa kome, domin in gyara ya ɓaci a sami abin komawa.

2. Ya buɗe takardar, ya rubuta kalmar sirri daidai yadda aka ba shi. Kwamfuta tana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka "Kano" da "kano" kalmomi biyu ne a wurinta.

3. Idan kullen gyara ne a cikin Word, ya shiga sashen bita, ya nemi wurin taƙaita gyara, ya tsai da kariyar, ya sa kalmar. Idan PDF ce, ya sani cewa manhajar karantawa ta kyauta ba ta sauya ainihin rubutu. Sai an sami manhajar gyara, kuma ita ma za ta nemi kalmar izini.

4. Bayan ya gama, ya ajiye takardar da sabon suna mai ɗauke da kwanan wata, ya tabbata kullen yana nan kafin ya aika wa wani.

Akwai kuma takardun da aka sa wa hannu ta na'ura. Irin wannan sa hannu yana haɗe da rubutun kamar yadda yake a ranar da aka sa shi. Da zarar an sauya adadi ɗaya ko kalma ɗaya, manhaja za ta nuna cewa an taɓa takardar. Idan an ga kuskure a cikinta, sai a koma wa wanda ya sa hannu ya fitar da sabuwa.

Idan An Manta Kalmar Sirri

Mutumin da ya manta kalmar kullen gyara bai yi babbar hasara ba, tun da rubutun yana gabansa. In takardar tasa ce, yana iya sake rubuta ta cikin sabon fayil. In ta ofis ce, sai ya tuntuɓi wanda ya kulle ta ko jami'in da yake kula da kwamfutocin ofishin.

Wanda ya manta kalmar kullen buɗewa kuwa, al'amarinsa ya fi tsanani. Manhajojin da ake tallatawa cewa suna fasa kulle, yawanci abin da suke yi shi ne gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya har su dace. Kalmar sirri mai lambobi 4 hanyoyin haɗa ta 10,000 ne kacal, mai lambobi 6 kuwa miliyan 1, kuma wannan ba wani aiki ba ne a wurin kwamfuta. Mai ƙananan haruffan boko 8 na Ingilishi hanyoyinta sun haura biliyan 208, kuma kowane harafi da aka ƙara yana ninka adadin sau 26. Ke nan gajeruwar kalma ba ta tsare takarda daga ɓarawo, doguwa kuwa in ta ɓace, takarda ta tafi ke nan har ga mai ita.

Ana jan kunnen jama'a game da shafukan intanet masu alkawarin cire kulle kyauta. Duk wanda ya tura takarda zuwa irin wannan shafi, ya miƙa ta ne ga kwamfutar mutumin da bai sani ba, wataƙila a wata ƙasa. Bayanin asusun banki ko jerin sunayen ma'aikata da albashinsu in ya fita ta wannan hanya, ba mai iya dawo da shi.

Abin da Doka Ta Ce

Sauƙin cire kullen gyara ba ya ba kowa ikon cire shi. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sauya bayanan da ke cikin kwamfuta da gangan ba tare da izini ba, ta kuma haramta ƙirƙiro takardar jabu ta hanyar kwamfuta. Hukuncin ɗauri ne ko tara ko duka biyu. Alal misali, wanda ya buɗe bayanin asusunsa na banki ya ƙara adadin kuɗi domin neman biza ko rance, ya yi jabu, ko da yake asusun nasa ne.

Har ila yau, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni nauyin tsare bayanan mutane da ke hannunsu. Ma'aikatan gwamnati kuma su tuna cewa Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 tana nan, kuma ba ta bambanta takardar cikin kabad da ta cikin kwamfuta ba. Bugu da ƙari, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da takardun kwamfuta a gaban kotu bisa wasu sharuɗɗa, saboda haka takardar da aka taɓa a ɓoye tana iya zama shaida a kan wanda ya taɓa ta.

Rigakafi

Kowane ofis ya kamata ya tanadi rajistar kalmomin sirri na muhimman takardunsa, a kulle ta a hannun babban jami'i guda ko biyu. Idan aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, lalle kalmomin sirri su shiga cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda yake miƙa mabuɗan ofis, sa'an nan magajinsa ya sauya su. Kada a aika takarda da kalmarta cikin saƙo ɗaya. A tura takardar ta imel, a faɗi kalmar ta waya. Kada a yi kalmar sirri da ranar haihuwa ko sunan ɗa ko lambar waya, gama su ne ɓarawo yake fara gwadawa. Tsofaffin takardu da aka kulle da Office na kafin 2007 kuwa, a sake ajiye su cikin sabon tsari, domin kullen wancan zamani ya yi rauni.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya sanar da abokan aikinsa da iyalinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.