Iyali, abokai da wayar hannu wajen tallafa wa ma'aikatan gaggawa: misalin gundumar Gure

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba wani ɓangare na aikin kiwon lafiya da ba a cika waiwaya ba, wato nauyin da ma'aikatan gaggawa ke ɗauka a zuci, da abin da iyalinsu da abokansu ke iya yi a kai. Mun ɗauki gundumar Gure, cikin jahar Damagaram, a matsayin misali. Abin da muke son nunawa shi ne, taimakon da ake shiryawa ta intanet zai fi amfani idan iyali aka nufa da shi, da murya, kuma cikin harshen gida.

2. Su wane ne ma'aikatan gaggawa a Gure?

A Ingila da Amurka, kula da majinyaci cikin motar asibiti sana'a ce mai zaman kanta. A Gure kuwa aikin ya rataya ne a kan direban motar, da malamin asibiti ko ungozomar da ta raka majinyacin. Sukan ɗauko shi daga cibiyar CSI, misali a Kelle ko Gidigir, zuwa asibitin gunduma. Idan abin ya fi ƙarfin nan, sai Damagaram, tafiyar da ta haura kilomita 150. Wannan hanya ce kuma ake bi daga Difa, jahar da ta shiga rikicin Boko Haram tun watan Fabrairu na 2015.

Abin lura a nan shi ne kusanci. Matar da ta cika a hanya saboda doguwar naƙuda, sau da yawa ma'aikacin ya san mijinta, zai je zaman makoki, zai kuma gamu da danginta ran kasuwa. Binciken Jaffré da Olivier de Sardan (2003) ya bayyana tsamin dangantakar ma'aikata da majinyata a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. A ganinmu, ya kamata a haɗa wannan da tambayar abin da ma'aikacin ke kwana da shi.

3. Abin da bincike ya nuna

Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya larurar da ke biyo bayan mummunar firgita cikin kundinsu na cututtuka. Alamominta sun haɗa da maimaita ganin abin da ya faru a mafarki ko ido biyu, da ƙaurace wa duk abin da ke tuna shi, da saurin razana, da rashin barci. Petrie da abokan aikinta (2018), da suka tattara bincike daga ƙasashe da dama, sun sami larurar a wajen kimanin kashi 11 cikin 100 na ma'aikatan motar asibiti.

Sakamako biyu sun fi shafar batunmu. Na farko, Brewin da abokan aikinsa (2000) sun nuna cewa rashin mai jan mutum a jika bayan abin ya faru yana cikin manyan abubuwan da ke jawo larurar. Na biyu, dabarar Mitchell (1983) ta tara ma'aikata a zama ɗaya su fayyace abin da suka gani, bincike na baya bai nuna tana hana larurar ba. Jagoran agajin farko na zuci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da wasu ƙungiyoyi a 2011 ya dogara ne a kan dubawa, da saurare ba tilas, da sada mutum da masu taimako. Duk ukun ba su fi ƙarfin mata ko aboki ba.

4. Matsalar kalmomi

Hausa tana da damuwa, da firgita, da ɓacin rai, amma da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankali ya koma ga taɓin hankali, wanda abin kunya ne ga dangi duka. Ban da haka, ana yabon namiji da dauriya, kuma kunya na hana shi buɗe cikinsa ga matarsa. Saboda haka abin kan fito ta wata kafa: ciwon kai, faɗa da yara, ƙin cin abinci, ko shan ƙwayoyin barci. Iyali kan fara da addu'a da rubutu wurin malam. Ba mu ga dalilin raba wannan da zuwa asibiti ba, muddin bai jawo jinkiri ba.

5. Abin da waya ke iya yi

Shafukan da ake yi wa iyalan ma'aikata a Turai rubutattu ne, cikin Turanci ko Faransanci. A Gure, inda ake jin Barbarci, Hausa, Tubanci da Fillanci, saƙon murya na WhatsApp ne ya fi dacewa, tun da ba ya bukatar karatu. Muna ganin sharuɗɗa uku. Na ɗaya, saƙonnin su zama gajeru, masu koya wa iyali alamomin da suka wuce gajiya, musamman idan sun haura wata guda. Na biyu, kada a saka suna ko hoton majinyaci, domin a ƙaramin gari bayani kaɗan ya isa a gane mutum. Na uku, kowane rukuni ya sami ma'aikacin lafiya mai horo, irin na shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008. Idan mutum ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

6. Kammalawa

Mun ga cewa iyali ne ke fara ganin alamomi, kuma saurarensu yana da tushe a bincike. Amma haƙurin iyali ba ya maye gurbin hutu bayan tafiyar dare, ko isassun ma'aikata. Aikin da ke gaban ɗalibanmu shi ne tattara kalmomin da matan direbobi da mazan ungozomomi ke bayyana wannan hali da su, a Hausa da Barbarci, kafin a naɗi ko da saƙo ɗaya.