Na gwada man goge mota iri huɗu da hannuna: wanne ke cire karcen fenti, wanne ke ɓoye shi kawai?

Ranar da wani Alhaji ya zo Aboabo ganin motar da na sa a kasuwa, na yi kuskuren ajiye ta a rana. Toyota Corolla ce baƙa, ƙirar 2012, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. A inuwa kai ka ce jiya aka fito da ita daga kamfani. Alhajin ya zagaya ta sau biyu, ya saurari inji, sannan ya sunkuya a kan bonet ya yafito ni.

"Malam, zo ka gani da idonka."

Na sunkuya. Kewaye da hasken rana a jikin fentin, ga wasu siraran zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, dubbai, sun mamaye bonet ɗin gaba ɗaya. Ya ce inji kam lafiya lau, amma jikin sai an sake fenti, don haka ya zabtare kuɗi mai kauri daga farashin. Ni kuwa da kuɗin motar nan nake so in rufe ginina kafin ruwan sama ya sauka a Kumasi. Na ce ya ba ni wata ɗaya.

Abin da na koya a cikin watan nan shi ne nake so in ba masu karatu, musamman waɗanda ba su da injin goge mota, sai dai tsumma da ƙarfin damtse.

Daga ina karcen yake fitowa?

Na fara da zuwa Suame Magazine wajen wani dattijo mai fenti da na daɗe da sani, wanda yaransa ke kira Masta. Ya shafa bonet ɗin da bayan hannu, ya tambaye ni da me nake share ƙura da safe. Na ce da busasshen tsumma. Ya yi dariya ya ce, "To ɗana, ai kai ne ka yi wa kanka. Kullum sanfefa kake goga mata ba ka sani ba."

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na share fage a kan ƙarfe, sai mai launi, sannan a sama akwai wani rufi marar launi mai sheƙi wanda masu fenti ke kira kiliya. Duka hawan nan a haɗe, yadda suke fitowa daga kamfani, kaurinsu bai wuce na takardar rubutu da yawa ba, wato maikuron 100 zuwa 150 ko sama kaɗan, kuma maikuron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Ita kiliyar kanta yawanci maikuron 40 zuwa 50 ce. A cikinta ne saƙar gizo-gizon take.

Karcen ba a zagaye yake ba, ko da yake haka ido ke ganinsa. Layuka ne miƙaƙƙu da suka ratsa juna ta kowace fuska. Idan haske mai ƙarfi daga wuri ɗaya ya sauka a kansu, kamar rana ko tocila, sai gefen kowane layi ya mayar da hasken, su bayyana kamar da'ira. Shi ya sa a inuwa ba a ganinsu, kuma shi ya sa baƙar mota ta fi fara tona asiri.

Mu a wannan yanki muna da ƙarin matsala. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zube mana ita har bakin teku. Ƙurar nan na ɗauke da sinadarin silika, wanda ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Ka sa busasshen tsumma a kanta, ko soson da ya faɗi ƙasa a wajen wankin mota aka ɗauka aka ci gaba da shi, to karce ya samu.

Hanya biyu ce kawai

Masta ya ce hanyar kawar da karce biyu ce, babu ta uku. Ko dai a kankare kiliyar da ke kewaye da shi har ta yi daidai da gindin karcen, ko kuma a cike ramin da wani abu don kada haske ya kama gefensa. Ta farko gyara ce ta dindindin, amma kiliya take ci, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ta biyu kwalliya ce, wanki na tafiya da ita sannu a hankali.

Man goge da ake kira "komai a ɗaya" yana ƙoƙarin yin ayyuka uku a shafa guda: ya wanke dattin da ya maƙale, ya goge ko ya cike ƙananan karce, sannan ya bar kariya a sama. Bambancin kwalabe shi ne wane aiki kowacce ta fi ba ƙarfi.

Biyu na saya a kanti. Biyu kuma wani ƙanena da ke zaune a Jamus ne ya aiko da su ta hannun wani mai dawowa gida. Na wanke motar tas, na shigar da ita ƙarƙashin rumfa da sassafe lokacin da ƙarfe ke da sanyi, na raba bonet gida biyar da salatif ɗin takarda irin na masu fenti. Gida huɗu na mayukan, na biyar kuma na ajiye shi don wani gwaji daban. Kowane gida na yi masa shafa biyu da ƙaramin soso mai laushi, na goge da tawul ɗin maikurofaiba mai tsabta.

Abin da na gani

Na farko shi ne Super Resin Polish na kamfanin Autoglym da ke Ingila. Ruwa-ruwa ne, yana shafuwa ba wahala, yana goguwa ba wahala. Da na tura motar rana, gidansa ne ya fi kowanne kyau. Mafi yawan saƙar ta ɓace, baƙin ya yi zurfi. Da ma an san shi da haka: gogewarsa mai sauƙi ce, ƙarfinsa a wajen cike ramuka yake, shi ya sa masu aiki da hannu ke son sa.

Na biyu Cleaner Wax na Meguiar's, tsohon kamfanin Amurka da ya fara da man goge kayan katako a 1901. Shi ya fi nuna kansa a wajen tsabtacewa. Dusashewar da rana ta jawo da tabon ruwa sun tafi, wurin ya yi santsi da sheƙi. Saƙar ta ragu, amma idan ka sunkuya kana ganin ta.

Na uku Klasse All-In-One, ɗan Jamus. Wannan da sinadari yake wanke fenti, ba da gurza ba, sannan ya bar siririn rufi na roba mai tauri. Ɗigo kaɗan ya isa, kuma da soso mai ɗan danshi ya fi tafiya. Gidansa ya yi haske kamar madubi, amma karcen na nan kusan yadda yake. Ba aikin da aka yi shi dominsa ke nan ba. Inda ya ciri tuta shi ne daga baya: bayan wanki da yawa, a gidansa ne ruwa ya fi daɗewa yana dunƙulewa yana gangarewa.

Na huɗu Color Magic na Turtle Wax, na baƙar mota. Shi akwai launi a cikinsa, don haka karcen da ya yi fari-fari sai ya rine shi ya saje da jiki. Daga nesa ya yi kyau ƙwarai, musamman a kan wasu dogayen layuka biyu da sauran ba su iya komai a kansu ba. Sai dai ka tanadi tsumman da ba ka so, kuma ka sa safar hannu.

Da a nan na tsaya, da na ce Autoglym ya ci gasa, a tashi. Amma Masta ya ce kada in yanke hukunci sai na yi gwajin sifirit.

Gwajin da ya tona asiri

A kemis ana sayar da sifirit ɗin goge fata, wanda za ka ga an rubuta isopropyl a kwalbarsa. Na sirka shi da ruwa, na jiƙa tawul, na goge rabin kowane gida. Sifirit na narkar da mai da kakin da suka cike ramuka, ya bar fentin tsirara.

Wallahi sai da gabana ya faɗi. A gidan da ya fi kyau, mafi yawan saƙar ta dawo. A gidan mai launi ma haka. A duka huɗun, abin da aka cire da gaske ɗan kaɗan ne, wato karce mafi sirantaka. Sauran duk rufa-rufa ce.

Wannan ba laifin mayukan ba ne. Hannun mutum ba zai iya abin da injin da ke motsi sau dubbai a minti ɗaya yake yi ba, kuma man da aka haɗa don ya yi aiki uku dole ƙwayoyin gurzarsa su zama masu laushi.

Sai na koma gida na biyar. A nan na yi amfani da Ultimate Compound na Meguiar's, wanda ba "komai a ɗaya" ba ne, man gurza ne zalla, ba ya barin kariya. Na danna soso da ƙarfi, gaba da baya, sannan dama da hagu, na goge, na sake, har sau huɗu. Wurin da bai wuce faɗin sallaya rabi ba ya ci mini kusan rabin awa, kafaɗata kuwa sai da ta kwana biyu tana ciwo. Amma da na sa sifirit, mafi yawan abin da ya tafi bai dawo ba.

Kuskuren da ya ci mini kuɗi

Ganin haka sai zalama ta kama ni. Wani mai talla a bakin titi ya sayar mini da wani man gurza a gwangwani marar suna, ya ce minti biyar ya gama aiki. Na gwada shi a gefen murfin but, daidai kan ƙashin da ƙarfe ya lanƙwasa. Ban ankara ba sai na ga baƙi a jikin tsumma. Na huda kiliya na isa launi. A irin waɗannan gefuna fenti ya fi siranta, kuma yatsa na tara ƙarfi a wuri ɗaya. Dole Masta ya sake fesa murfin.

Daga nan na riƙe abubuwa uku. Idan ka ja farce a kan karce ya maƙale, ya yi zurfin da hannu ba zai cire shi ba, ka bar wa mai fenti. Idan launi ya fito a tsumma a motar da ke da kiliya, ka tsaya nan take. Kuma kiliya ce ke kare launi daga zafin rana. Motocin da muke gani rufinsu na saɓulewa fari-fari kamar fatar maciji, kiliyarsu ce ta mutu, babu man da zai tashe ta.

To wanne za ka saya?

Ya danganta da abin da kake nema. Idan so kake baƙar motarka ta yi kyau a yini ɗaya, kuma ka yarda za ka riƙa maimaitawa, mai cike ramuka irin Super Resin Polish ya fi biyan wahalar hannu. Idan motar fara ce ko ruwan azurfa, wadda karce bai cika nunawa a kanta ba amma ta dusashe, Cleaner Wax ko Klasse sun wadatar. Idan akwai layukan da suka yi fari a mota mai duhu, mai launi zai rage munin. Idan kuwa gyara na gaskiya kake so, sai man gurza, ƙofa ɗaya yau, ɗaya gobe, sannan ka bi da "komai a ɗaya" don kariya.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka shafa a rana ko a kan ƙarfe mai zafi. Ka yi aiki a ƙaramin wuri, kamar santimita 40 a kowane gefe. Ka sa kaɗan, don yawan mai wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Ka kiyaye baƙar robar gefen gilashi da ta bamba, yawancin mayukan nan na barin farin tabo a kanta.

Duk wannan wahala banza ce idan ba a canja yadda ake wanki ba. Yanzu ba na taɓa ƙura da busasshen tsumma. Sai na kwarara ruwa ya tafi da ita tukuna. Bokiti biyu nake ajiyewa, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso kafin ya koma cikin sabulun. Daga sama nake farawa, tayoyi da sosonsu daban. Na kuma daina sa omo da sabulun wanke kwano, don su ne ke saurin cinye kariyar da ka sha wahalar shafawa.

Ga mai sayen mota kuma, kada sheƙin da ka gani a inuwar gareji ya ruɗe ka. Ka sa a fito da ita rana, ko ka haska tocilar waya a jiki. Idan mai ita ya yarda, ka goge ɗan wuri da sifirit.

Da wata ya cika Alhaji ya dawo. Bonet da ƙofofin gaba na gurje su da hannu, sauran jikin kuwa mai cike ramuka na shafa. Na ajiye ta a rana da gangan. Ya zagaya, ya sunkuya, ya ɗago yana murmushi. Na san idan na yi shiru zai biya yadda na ce, amma bayan 'yan makonni abin da ke ɓoye zai fito, kuma a unguwa ɗaya muke sallar Juma'a. Sai na nuna masa inda aka gyara da gaske, da inda aka rufe kawai, da murfin but da aka sake fesawa.

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka rage mini kaɗan saboda but ɗin, ka kuma haɗa mini da ragowar kwalbar nan." Ragin bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya zabtare da farko ba. Na miƙa masa makulli da kwalba, na ƙara masa da bokiti ɗaya.