Rawa Ba Ta Kafa Allo a Doka

Baƙon da ya sauka Kaduna, ya bi titin Ahmadu Bello bayan sallar isha'i yana ɗage-ɗagen kai ko zai ga allon da aka rubuta "gidan rawa", wuyansa kawai zai wahalar. Abin da zai gani shi ne hayaƙin masu tsire, teburan masu shayi, da 'yan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da suka yi dare suna neman abin hawa. Sai ya yanke cewa ba a rawa a Doka, wato Kaduna. Ana yi kuwa, har gumi ya jiƙa riga. Sai dai a nan rawa ba ta kafa allo. Sababi take bi, da gayyata, da sanayya.

Kafin a gane dalili sai an waiwayi tarihin garin. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, inda suka tarar da Gbagyi. Jirgin ƙasa da barikin soja da ofisoshin gwamnati suka jawo mutane daga ko'ina, masaƙun Kakuri da suka fara aiki a 1957 suka ƙaro wasu dubbai. Kowa kuwa da gangarsa ya zo. Masu goge da kukuma suna raba dare a ƙananan otal-otal, 'yan boko suna taka hailaif a kulob. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya shigar da muryar Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos kowane zaure. Dattawan garin har gobe suna tuna Bala Miller da makaɗansa a kulob ɗin Costain, da kuma hawan dabar FESTAC na 1977, wanda dominsa aka gina otal ɗin Durbar da aka rushe a 2020.

Sai kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Masaƙu suka durƙushe, aljihun ma'aikaci ya bushe. Rikice-rikicen 2000 da 2002 suka mai da kogin Kaduna tamkar iyaka, jama'a suka yi ta ƙaura, kowa yana neman inda zai yi barci da ido biyu a rufe. Harkar kulob ta fi karkata kudancin kogi, wajen Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. A arewacin kogi kuwa rawa ba ta mutu ba, ciki ta shige: tsakar gida, zauren biki, filin taro.

Don haka babban dandalin rawa a Doka a yau shi ne biki. Auren 'yar gata kan ɗauki kwanaki: kamu, ranar ƙauyawa, ranar Fulani, a rufe da dina a ɗakin taro na haya. A dare guda mai sa faifai, wanda kowa ke kira dije, zai tashi daga waƙoƙin finafinan Kannywood ya faɗa na Ado Gwanja, ya zarce Afrobeats na Legas, ya ƙare da amapiano na Afirka ta Kudu. Matasan da suka koyi shaku-shaku da zanku a waya, nan suke baje kolinsu. Amma in an ɗauko mai kalangu, sai a ga bambancin rawar faifai da rawar ganga. Makaɗin yana matse tsarkiyar kalangu a hammata, yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka kamar maganar Bahaushe. Da haka yake kiran mutum da takensa, mai rawa kuma ya amsa da kafaɗa da taku. Hira ce tsakanin mutum biyu, ba tsalle-tsalle ba.

Akwai kuma rawar da namiji ba zai gani ba ko ya shekara yana nema. Kiɗan ƙwarya da amada na mata ne zalla, a cikin gida, ranar suna ko wunin biki. A kifa ƙwarya a kan ruwa a cikin babban mazubi, a doke ta da 'yan sanduna, ta ba da amo mai kauri, zabiya tana bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ta fito da wannan kiɗa idon duniya, amma asalin mazauninsa tsakar gida ne. Mace baƙuwa, maƙwabciya ɗaya ta ishe ta jagora. Namiji kuwa iyakarsa ƙofar gida.

Wanda ba shi da katin gayyata ma yana da rabo. Lambun Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogi, kan cika maƙil a kwanakin sallah da Kirsimeti. A can ne gadar Gwamna Lugga take, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904 aka dawo da ita nan. Dandalin Murtala kuma shi ne gidan manyan taruka, kamar bikin cikar Kaduna shekara 100 da aka yi a 2017. A irin waɗannan ranaku ne ake ganin 'yan koroso irin na Kano, mace da namiji bibbiyu, kacau-kacau na ƙara a ƙafafunsu. Da 'yan suwange na Tibi cikin saƙinsu mai baƙi da fari, suna lanƙwasa jiki kamar ba ƙashi. Da rawar Gbagyi da Bajju da Ham. Wanda ya ɗanɗana ya ji bai ƙoshi ba, sai ya nufi Kagoro ranar 1 ga Janairu don bikin Afan.

To wa za a tambaya? Matambayi ba ya ɓata, in ya san bakin da zai tambaya. Mai hayar kujeru da rumfa, mai ɗaukar hoto, mai ƙunshi, ɗan keke Napep, su suka san inda ganga za ta kwana ranar Juma'a da Asabar. Shafukan dije-dije da ɗakunan taro a Instagram da TikTok ma suna tallar abin da ke tafe. A kuma lura da lokaci: gab da azumi, da bayan sallah, da watan Disamba, biki kan yi yawa, da watan Ramadan ya kama sai ganguna su huta.

Saura jan kunne. Liƙi al'ada ce, amma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma an ɗaure sanannun mutane a kan haka a 'yan shekarun nan. Miƙa wa makaɗi a hannu ya fi kwanciyar hankali. Kada a ɗauki matar wani ko 'yar wani a waya tana rawa a watsa ba da izininta ba. Minti ɗaya na bidiyo ya isa ya kashe aure. Masu biki su tuna bayan katanga akwai jariri da majinyaci da mai sammakon aiki, kuma da an kira salla a sassauta lasifika. Mai ƙetare gada zuwa kulob ya tafi da wanda ya san wurin, ya tanadi abin hawan dawowa tun da wuri, kada ya karɓi abin sha a buɗe daga hannun da bai sani ba.

Baƙonmu na titin Ahmadu Bello, da zai sauke kansa daga neman allo ya zauna a bencin mai shayi, ya yi sallama, ya gaisa da na kusa da shi, da wuya mako ya zagayo ba a ce masa ba: "Malam, ranar Asabar ƙanwata ake kaiwa, ka zo mana." Ƙofar rawar Doka ke nan, kuma gaisuwa ce mabuɗinta.