Gargaɗi: AC mai ɗigar da ruwa cikin ɗaki, a kashe ta kafin a nemi bokiti

Jama'a, a yi hattara. Da zarar damina ta kankama, gidaje da yawa kan fara ganin ruwa na ɗiga daga bakin na'urar sanyaya ɗaki, wato AC, yana bin bango ko yana sauka kan gado. Abin da aka saba yi shi ne a tara bokiti a ci gaba da barci. Wannan ganganci ne. Wutar da ke shiga na'urar ta kai bolt 230, kuma a yawancin ɗakuna soket da talabijin da wayoyin caji suna ƙasanta kai tsaye. Bango ya jiƙe, ruwa ya sami soket, yaro ya dafa da ƙafa ba takalmi, sai dai Allah Ya kiyaye.

Da an ga ɗigo, a kashe ta daga makunnin bango. Rimot ba ya yanke wuta. Idan bangon ya riga ya jiƙe har wajen makunnin, kada a taɓa shi, a je a kashe babban makunnin gida. Masu sola da inbata su lura: an ɗauke wuta a unguwa, amma wayoyinku na nan da wuta. Wanda wuta ta riƙe kuwa, ba a kama shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture shi da busasshen katako, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau.

Ruwan kansa ba abin mamaki ba ne. Kamar yadda kofin ruwan sanyi ke gumi, haka laimar iskar ɗaki ke zama ruwa a jikin ƙarafan sanyi na cikin na'urar. Yana taruwa a wani ɗan faranti, ya bi tiyo ya fita waje. A Yuli da Agusta, da laima ta yi yawa, na'ura ɗaya na iya tara litoci da dama a yini. Saboda haka a fara zagayawa bayan ɗaki a duba bakin tiyon. Idan waje a bushe yake alhali ciki na ɗiga, hanya ce ta toshe. Ƙurar hunturu da ta kwana watanni a farantin takan zama laka da zarar ruwa ya same ta, gansakuka ta bi ta kama, wani lokaci ma zanzaro ne ya yi gini a bakin tiyon tun rani. A duba ko tiyon ya lanƙwashe, ko ya yi tudu a tsakiya, ko bakinsa ya nutse cikin bokitin da ake tara ruwan. Ruwa ba ya hawa sama, sai ya dawo ɗaki.

Sai ragar tace ƙura. A ɗaga murfin gaba, a zare ta, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa har ta bushe. Idan ta cika da ƙura iska ba ta ratsawa, ƙarafan su yi ƙanƙara, in ta narke farantin ya kasa ɗauka. Wanke ta duk mako biyu ba ya cin ko sisi. Wanda ya tarar da ƙanƙara ya bar ta ta narke da kanta, kada ya sa wuƙa ko sukundireba, domin huda bututun jan ƙarfen nan ba wuya. A kuma rage barin na'ura a kan digiri 16 dare da rana, 24 zuwa 26 ya wadatar.

Iyakar abin da mai gida zai yi da hannunsa ke nan. Kwance na'ura, daidaita ta idan an kafa ta a karkace, naɗe bututun da sosonsa ya yage, duk aikin mai gyara ne. A cikinta akwai abin da ke riƙe wuta ko bayan an kashe, kuma gas ɗin wasu sababbin na'urori, irin su R32, yana iya kama wuta.

Mai gyaran ma a sa masa ido. Wasu ko murfi ba su buɗe ba za su ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Gas ɗin AC ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, zagayawa yake a rufaffen bututu. In ya ragu, to wani wuri na yoyo. A ce masa ya nuna wurin, ya toshe, sannan ya ɗura. In ba haka ba, bayan 'yan makonni ƙanƙara da ɗigo za su dawo, kuɗi kuma sun tafi.

Masu silin POP kada su yi wasa da tabon ruwan da ke ƙara faɗi a sama, jiƙaƙƙen POP nauyi yake yi ya rufto. A janye gadon yara daga wurin. Ruwan da aka tara ba na sha ba ne, a zubar da shi kullum don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Kada a sake kunna na'urar sai bango ya bushe kuma an ga ruwa na fita ta tiyon waje. Don Allah a sanar da maƙwabta da masu haya.