Yadda A Ke Kashe Ƙwaron Wake Ba Da Guba Ba

Manomin wake bai gama aiki ba ran da ya kai amfaninsa gida. Tun a gona wani ɗan ƙwaro ya ke yin ƙwai a jikin kwasfa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta huda ƙwayar wake ta shige ciki tana ci. Kafin wata uku ko huɗu sai a tarar da waken rumbu duk ya huje. Saboda haka manoma da yawa su kan sayar da wakensu da kaka, lokacin da ya ke araha, sa'an nan su saya da tsada da bazara.

Mutanen da su kan gauraya wake da toka ko yashi. Daga baya waɗansu 'yan kasuwa suka koma zuba masa maganin ƙwari, wanda ya ke guba ne ga mutum. Har a shekarar 1915+100, watau 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami gubar nan a cikinsa fiye da kima.

To, akwai wata dabara da ba ta bukatar guba. Ƙwaro yana numfashi kamar kowace dabba. Iskar nan da mu ke shaƙa kuwa, kashi 21 cikin 100 ne kaɗai na cikinta ke raya mai rai, shi ne a ke kira oksijin. In an rufe wake inda iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu za su shanye oksijin ɗin. Daga nan su daina ci, su daina haihuwa, jikinsu ya bushe, su mutu.

A kan wannan ne masu ilmin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amirka, tare da abokan aikinsu na Kamaru, suka ƙago buhun da a ke kira PICS. Buhu uku ne cikin juna: biyu na leda mai kauri a ciki, ɗaya saƙaƙƙe a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure bakin kowane buhu dabam. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙauyukan ƙasashe goma na Afirka, har da Nijeriya da Nijar. Ma'aikatan binciken noma na INRAN a Maraɗi sun gwada shi ƙwarai. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada leda ta huje. Ɓera ya yi mata ƙofa, aiki ya ɓaci.

Mangwaro ma yana da nasa maƙiyi, wani ƙuda mai soke fatar ɗan itace ya zuba ƙwai, tsutsa ta ruɓar da cikin. Wani irinsa mai tsananin ɓarna daga Asiya ya fito. An fara ganinsa a Kenya a 2003, bai daɗe ba ya iso Afirka ta Yamma. Ƙasashen Turai kuwa, in sun ga tsutsar nan a kayan da aka kai musu, sai su ƙi karɓa.

An gwada dabarar rage oksijin a kan wannan ƙuda, amma nan abin ya fi wuya. Busasshen wake kamar barci ya ke yi, bai damu da iska ba. Ɗanyen mangwaro kuwa yana numfashi. In an hana shi oksijin ya daɗe, sai ya yi tsami, ya riƙa warin barasa. Tilas a yi a ɗaki na musamman, da na'ura mai auna iska, a lissafta lokacin da tsutsa za ta mutu mangwaro bai ɓaci ba. Shi ya sa masu fitar da mangwaro suka fi tsoma shi a ruwan zafi mai awo 46, kamar awa ɗaya ko fiye.

Ashe dabarar ɗaya ce, amma wadda ta kai hannun talaka ita ce ta wake, gama leda da igiya sun ishe shi.