Matakan gwamnati kan annobar korona a Jihar Katsina

Matakan gwamnati kan annobar korona a Jihar Katsina su ne dokoki da tsare-tsaren da gwamnatin tarayya da ta jiha suka ɗauka daga shekarar 2020 domin daƙile yaɗuwar cutar COVID-19 da rage raɗaɗin da ta jawo wa jama'a. A lokacin Muhammadu Buhari ne shugaban ƙasa, Aminu Bello Masari kuma gwamnan jihar.

Matakan lafiya

An tabbatar da ɓullar cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A watan Maris gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da cutar ƙarƙashin Boss Mustapha. Tun kafin cutar ta shigo Katsina, gwamnatin jihar ta rufe makarantu, ta kuma dakatar da manyan taruka, har da sallar Juma'a. A watan Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a jihar, wani likita a Daura, wanda ya rasu. Daga nan aka sanya dokar kulle a Daura, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa wasu ƙananan hukumomi.

Rikicin Kusada

Dakatar da sallar Juma'a ya gamu da turjiya. Ranar Juma'a, 27 ga Maris, 2020, wani malami ya jagoranci salla a garin Kusada duk da dokar, sai 'yan sanda suka kama shi. Washegari wasu matasa suka yi zanga-zanga, suka ƙona ofishin 'yan sanda na garin. Rundunar 'yan sandan jihar ta ce mutum ɗaya ya mutu, kuma ta kama mutum 90.

Matakan tattalin arziƙi

Faɗuwar farashin ɗanyen mai ta tilasta wa gwamnatin tarayya sake duba kasafin kuɗin 2020. A watan Maris ta rage farashin litar fetur daga naira 145 zuwa 125. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin bai wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa rance, ya kuma rage kuɗin ruwa a kan rancensa na tallafi daga kashi 9 zuwa kashi 5 cikin ɗari. A watan Afrilu Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da bai wa ƙasar rancen dala biliyan 3.4.

Tasiri

Mafi yawan mutanen Katsina manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda sai sun fita suke samun na abinci. Saboda haka taƙaita cin kasuwanni da hana tafiya tsakanin jihohi sun fi yi musu nauyi fiye da masu albashi, kuma mutane da dama sun koka cewa tallafin bai iso gare su ba. An ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, 2020, sannan allurar rigakafi ta fara isowa Najeriya a watan Maris na 2021.