Dalilin da eNaira ta yi kwantai, POS ta mamaye Abuja

Ranar 25 ga Oktoba, 2021, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da eNaira a fadarsa da ke Abuja. Shi ne kuɗin intanet na babban banki na farko a Afirka. An yi buki, an sha jawabai. Amma wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna cewa a kowane mako kashi 98.5 cikin ɗari na asusun eNaira ba a motsa su.

Abin da buki ya kasa, wuya ta yi shi. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a farkon 2023. Ma'aikaci yana da albashi a banki, amma babu na mota daga Kubwa ko Nyanya zuwa Sakatariyar Tarayya. Manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarƙewa saboda cunkoso, sai jama'a suka karkata ga OPay da PalmPay da Moniepoint, inda kuɗi ke isa nan take. Kafin Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin takardun ranar 3 ga Maris, mai tumatir a Kasuwar Wuse ya riga ya saba da jiran alat.

Wannan ya nuna abin da mai asusu ke aunawa: saurin isar kuɗi, sauƙin buɗe asusu, yawan caji, da ko mai shagon unguwa zai karɓa. eNaira ba ta ba shi wani abu da tura kuɗi ta banki bai ba shi ba.

Saura amana, wadda ta fi wuyar samu. A Afrilun 2024 Babban Bankin ya dakatar da waɗannan kamfanoni daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa, har suka tsaurara tantance mutane. A shekarar ce Hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna.

Saboda haka, kafin ma'aikaci ya kwashe albashinsa zuwa wata manhaja, ya kamata ya san irin lasisinta, da nawa za a biya shi in ta durƙushe.